Na Ɗaure Fitilar Jirgin Surukina Da Mayafi

Salama ga mai kula da wannan shafi da duk wanda idonsa ya sauka a kansa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban wuce ƙananan surori ba, don haka bakina ke magana, hannun maƙwabciyata ke rubutawa, wata nas mutumiyar Kafanchan da muke gida ɗaya a unguwar Port Richmond ta New York. Na ce mata kada ta gyara mini komai, ko da ta ji na zo inda girmana ya zube.

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da zuwa Amurka ba, shekara ce ta zagayo bayan guguwar nan da ta cika gidajen bakin teku da ruwa. Tsohuwa ce ni mai ji da kanta, kuma ina da dalili. 'Yar Sarkawa ce ni, masu sana'ar su, a bakin ruwa aka yanke mini cibiya a ƙasar Yauri. Ina budurwa aka datse kogi, ruwa ya hau ya shanye daji, itatuwa suka mutu a tsaye a ƙarƙashinsa. Kututturan nan sun ci jirage, sun ci mutane. Mahaifina bai samu ɗa namiji da wuri ba, sai ya zaunar da ni a goshin jirginsa, ni ce idonsa in dare ya yi. Dokarsa ɗaya ce: ba a kunna wuta a jirgi. Ba aci-bal-bal, ba tocila, ko taba mutum bai isa ya kunna ba. Yakan ce ido sai ya jiƙu da duhu yake ganin ruwa, haske kaɗan in ya shiga shi ya ɓata aikin gaba ɗaya. Da wannan doka na girma. Ina iya gane kututture daga ɗan murɗewar da ruwa ke yi a kansa, in ɗaga hannu, mahaifina ya karkata. Ba mu taɓa kifewa ba. Daga baya na yi fataucin bandar kifi har ya kai ni Makka. Bayan ido kuma Allah ya ba ni baki. In na fara labari a gidan biki, masu tuƙa tuwo kan bar muciya su zo su tsaya.

'Yata ce ta kawo ni New York. Tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, mijinta kuma ɗan Zangon Kumasi ne, yana jan tasi, yawancin wuninsa a layin jiran fasinja na filin jirgin saman JFK yake ƙarewa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, yaro ne mai kunya irin wadda ta yi ƙaranci yanzu. Bai taɓa gaishe ni a tsaye ba. Bai taɓa cin abinci ina wurin ba. Gidan ƙarami ne, matattakala ɗaya, in ya ji ina saukowa sai ya koma ya tsaya a kicin har in wuce. Ko a mota muke, ni in ce wa 'yata ta faɗa wa mutumin nata ya rage sanyin nan, shi kuma ya ce mata ta tambayi Hajiya ko haka ya yi, alhali kunnuwanmu duka suna aiki. Ku riƙe wannan, domin yana cikin abin da ya jawo mana.

Abu ɗaya ne yake ba ni dariya game da shi: son ruwa. Shi da abokansa biyu suka haɗa hannu suka sayi wani ƙaramin jirgi mai inji. Ya shiga aji yana koyon tuƙi, ya manna wata ƙatuwar taswirar ruwa a bangon falo, duk ta cika da ƙananan lambobi kamar tururuwa sun bi ta kai. Ina ji yana koya wa matarsa cewa lambobin zurfin ruwa ne, ɗigo-ɗigon kuma gangunan ƙarfe ne da aka dasa a ruwa, kowace da launin fitilarta da yadda take ƙiftawa, ta haka mutum zai san inda yake ko cikin duhu. Burinsa ya ci jarrabawa, a ba shi izinin ɗaukar mutane zuwa kamun kifi, ya huta da tasin da ta ɓata masa baya. Ni kuwa a zuciyata cewa nake, mutumin Kumasi, garin da ba kogin kirki, shi ne zai koyi ruwa a jikin bango.

Ni na jawo tafiyar. Kullum ina mita cewa kifin ƙasar nan ƙanƙara ce kawai aka yi wa ƙaya, ba ɗanɗano. Wata Lahadi a ƙarshen zafi sai ya aiko 'yata ta ce mini in na yarda zai kai ni inda zan kamo da hannuna. Muka bar yara wurin maƙwabciyar nan, muka fita mu uku bayan azahar. Gaskiya na ji daɗi. Warin ruwan ba irin namu ba ne, amma rawar jirgi a ƙarƙashin ƙafa ɗaya ce a ko'ina, sai na ji kamar an mayar mini da ƙuruciyata. Da la'asar ta yi sanyi ya ce wa 'yata ta gaya mini gara mu juya tun da sauran rana, hanyar gida ta manyan jirage ce. Na ce ta gaya masa kifi da almuru yake cin ƙugiya, kuma wadda ta kwana a ruwa tun kafin a haifi uwarsa ba za a tsorata ta da faɗuwar rana ba. Ya koma ga ƙugiyarsa. Ya za a yi ya musa wa surukarsa? A jirgin muka yi magariba, kuma kifin ya ci kamar yadda na faɗa, abin da ya ƙara mini ɗaurin gindi ke nan.

Da muka kama hanya sai na tashi na koma goshin jirgi, wurin zamana na asali. Ya aiko mini da rigar nan mai kumbura da ke hana nitsewa, na sa don kada 'yata ta dame ni. Ya kunna fitilu. Akwai wata fara a kan sanda a bayan jirgi, akwai kuma wata ƙarama a goshi, dab da gwiwata, rabinta ja rabinta kore. Shi yana tsakiya a tsaye, gabansa wani allo mai haske kamar ƙaramin talabijin, taswirar nan ta bango ce a cikinsa, da wani ɗigo mai tafiya wanda aka ce mu ne. Manyan jirage ma suna fitowa a ciki. Gefensa kuma oba-oba, rediyon da masu jirage ke magana da juna, tana ta surutun Turawa.

To, ni fitilar goshin nan ta hana ni sakat. Haskenta yana dukan ƙarfen da ke gabana ya dawo mini cikin ido. Ga fitilun gari ta kowane gefe, na gada, na masana'antu, na motoci, duk sun zube a kan ruwa suna rawa. Na zura ido na kasa ganin komai. Sai na ce a raina, yaron nan ya kafe ido a talabijin, ba wanda ke kallon ruwa sai ni, kuma ya makantar da ni da wannan abin ado. Domin a zatona ado ne, irin wanda direbobin lori ke sa wa motocinsu. Na cire mayafina, baƙi mai kauri da na sayo a Makka, na naɗe fitilar da shi ninki biyu, na ƙulle tam irin ƙullin da nake wa bakin buhun kifi. Idona ya huta. Har na ji ina yi wa mahaifina addu'a. Ban gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗa ba. Daga baya na ji cewa in da wani ne a zaune a wurin, da ya lura hasken da ya saba gani a jikin ƙarfen ya ɓace. Amma ni ce a wurin. Yana duban gaba can nesa ta saman kaina, bai yarda ya sauke idonsa inda surukarsa take zaune ba.

Muna shiga siririyar hanyar da ke kaiwa unguwarmu sai oba-oba ta ƙara zafi, wani namiji yana maimaita magana ɗaya. 'Yata ta ce wa mijinta kamar ana kiran wani ƙaramin jirgi mai farar fitila kaɗai, ana tambayarsa ina ya dosa. Ya duba maɓallin fitilunsa ya ga a kunne yake, ya ce ba su ba ne, su ai fitilunsu uku. Ya ce yana ganin mai kiran a allo, jirgi ne mai tura kaya, kuma ya riga ya raɓe gefensa, za su wuce juna lafiya tunda mai kiran ma yana ganin jar fitilarsu. Ni kuwa da nake taƙama da ido, abin da na gani kawai shi ne fitilun gari suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a gabanmu, kamar ana jan baƙin labule. Kafin in gane cewa wani abu ne ke tare su, sai aka busa ƙaho, gajeru a jere, har cikin haƙorana na ji shi. Wani haske mai ƙarfi ya faɗo mana. Sai ga bangon ƙarfe ya fi gidanmu tsayi, wani ƙaton kwano na dakon kaya marar inji, jirgin da ke tura shi yana can baya, yana karyo kwana ta inda muke.

Surukina ya murɗa sitiyari da dukkan ƙarfinsa. Jirgi ya kwanta gefe ɗaya, na faɗi a kan hannuna, na ji wuyan hannun ya yi ƙara. Igiyar ruwan abin nan ta ɗaga mu ta maka, kifinmu ya watse, ruwa ya cika mana ƙafafu. A cikin hasken nan ne ya ga ƙullin da ke goshin jirginsa. Yaron da bai taɓa haɗa ido da ni ba ya daka mini tsawa, ya ce ke, cire abin nan. Ke fa ya ce. Ban motsa ba, ba don ciwo ba, don mamaki. Ya damƙa wa matarsa sitiyari, ya tsallake ƙafafuna, ya ja mayafin ya ƙi kuncewa, ya zaro wuƙar gyaran kifi ya farke shi, ya jefar a jikina. Ja da kore suka dawo. Ya koma ya ɗauki oba-oba yana ta ba da haƙuri da Turanci. Haka muka lallaɓa muka isa gaɓa.

Da a nan labarin ya ƙare da ban dame ku ba, domin kowa yana kuskure a baƙon wuri. Abin da na yi bayan nan shi ne ya hana ni barci. Aka sa mini filasta a hannu, mata suka yi ta zuwa dubiya, ni kuma na buɗe baki. Na ba da labarin a falo, na ba da shi a shagon da muke sayen garin rogo da manja, na ba da shi a wani suna a Harlem, na aika shi gida ta waya a saƙon murya. Kullum yana ƙara daɗi. Ina kwaikwayon yadda yake leƙa allo da wuyansa a miƙe, ina kwaikwayon ƙahon, ina nuna yadda ya tsallake ni kamar buhun gawayi. Ni na raɗa masa suna direban talabijin, kuma sunan ya zauna. Game da mayafi kuwa cewa nake na ɗan ajiye shi a goshin jirgi, shi kuma tsoro ya ruɗa shi ya huce a kan kayan tsohuwa. Ban ce na naɗe fitila ba. Ina gaya wa kaina cewa wannan ba ya cikin labari, amma wani wuri a cikina ya san dalilin da harshena ke tsallake shi kowane lokaci.

'Yata ta so ta yi mini bayani. Ta fara cewa Inna, fitilar nan, sai na ce mata in ta ƙara buɗe baki don kare wanda ya ce wa uwarta ke, to ta nemi wata uwar. Ta fita tana hawaye. Na rantse ba zan ƙara cin abin da ya sayo ba sai ya ba ni haƙuri a gaban manya. Aka tara dattawan masallacinsu. Ya zo ya cire takalmi ya durƙusa, ya ajiye sabon mayafi a gabana, ya ce shi ne mai laifi, shi ke riƙe da jirgi, duk abin da ya faru a kansa yake. Wani dattijo ya tambaye shi me ya kai shi farke mayafin. Ya sunkuyar da kai ya ce ruɗewa ce. Bai ambaci fitila ba. Na yafe masa a gaban jama'a, ina jin kaina kamar sarauniya. Ba a jima ba abokansa suka ce matansu sun hana su fita da shi, suka sallame shi daga jirgin. Direbobin JFK in sun gan shi sai su tambaye shi yau wace tasha ake kallo. Wa zai ba shi 'ya'yansa ya kai kamun kifi? Ya bar zuwa aji. Wata safiya na sauko na ga bangon falo fayau, sai alamar inda taswirar ta zauna.

Sai da sanyi ya shigo, lokacin da rana ke faɗuwa tun ana la'asar, sannan Allah ya nuna mini. Muna dawowa daga asibitin da ake gasa mini hannu, ni da 'yata, a babban jirgin nan da ke tsallaka da mutane kyauta. Muka zauna jikin taga a bene na sama. Ba ta yi mini gardama ba, ta san halina. Sai kawai ta nuna mini wata 'yar farar fitila can ƙasa a kan ruwa, ta ce Inna, ke da Allah ya ba ido, wancan zuwa yake ko tafiya? Na duba. Na ƙara dubawa. Na ce a tsaye yake, na ce a'a tafiya yake, na ce ko ma ba jirgi ba ne, fitilar gaɓa ce. Daga can sama babu jirgi, babu mutum, babu tsohuwa mai ido a goshi, ɗigon haske ne kawai a cikin dubu. Ta nuna mini wani mai ja, ta ce wannan ko ita da ba ta iya komai ba ta san gefen hagunsa muke gani, ta san inda ya fuskanta. Ta ce mijinta ya koya mata cewa duk wanda ya ga fara kaɗai, ba ja ba kore, zai ɗauka bayan jirgi yake gani, mai shi ya ba shi baya yana tafiyarsa, ko kuwa a tsaye yake wuri ɗaya. Abin da mutumin nan mai tura kaya ya gani ke nan. Bai san muna tahowa ba.

Sai a lokacin na gane. A ruwanmu na gida jirginmu kaɗai ne ke motsi, abokin gabarmu kututture ne, shi kuwa ba ya bukatar ya gan ka, kai ne kake bukatar ganinsa. A nan kowa motsi yake, kuma babba ba ya iya tsayawa don ƙarami. Fitilar nan ba don mu gani aka kunna ta ba, don a gan mu ne, don a san inda muka dosa. Dokar mahaifina gaskiya ce a ruwan mahaifina. Ni na ɗauko ta na kai ta inda ta kusa kashe mini 'ya, ta mayar da jikokina marayu ta uwa da uba a lokaci guda.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. A bikin farko da na samu na tara matan nan na faɗa musu komai, har ƙullin. Kun san abin da suka ce? Suka ce Allah sarki Hajiya, dubi yadda take rufa wa surukinta asiri, ina ma kowa ya samu suruka irinta. Labarin farko na ba shi gishiri da yaji, na biyun kuwa gaskiya ce tsurarta, ba wanda ya so ya ɗauka. Na je wurin dattijon nan, ya ce abin da ya wuce ya wuce, kada in tayar da maganar da aka binne. Shi kansa surukin nawa, na sa 'yata ta gaya masa, yana kicin ina falo, cewa na gane abin da na yi kuma ina neman gafararsa. Ya ce ta gaya wa Hajiya shi bai tuna komai ba sai cewa kifi ya ci da almuru kamar yadda ta faɗa. Har yau tasi yake ja. Wani lokaci in na fita miƙe ƙafa da yamma ina hango shi a ɗan filin nan na bakin ruwa, ya ajiye mota, yana kallon jiragen da ke wucewa. In ya hango ni sai ya sauya hanya, don kunya.

Ina kira ga tsofaffi 'yan'uwana da 'ya'ya suka ɗauko zuwa ƙasashen nan. Abin da muka sani mun san shi, ba wanda zai ƙwace mana, amma kowane sani yana da ruwan da aka haife shi a ciki. In kin shiga jirgin wani, ko motarsa, ko kicin ɗinsa, kika ga abin da bai yi miki ba, tambayi amfaninsa kafin ki kai hannu. Kuma ki sani yaron da ke jin kunyarki ba zai iya ce miki a'a ba, don haka nauyin yin hankali a kanki yake, ba a kansa ba. Masu baki irin nawa kuma su ji tsoron Allah. Hannuna ya warke tun tuni, abin da harshena ya karya ne ya ƙi ɗoruwa.

Duk wanda ya taɓa jin labarin direban talabijin, a Harlem ne ko a layin tasi ko a can gida ta waya, to daga bakina ya fito, kuma ga cikonsa. Yaron nan ya iya ruwa. Shi ya fitar da mu. In kana da jirgi kana neman wanda zai riƙe maka shi da amana, ka san inda yake tsayawa. Sabon mayafin da ya kawo mini yana ƙasan akwati, ban taɓa yafa shi ba. Tsohon nake yafawa zuwa kowane taro, da yagarsa, ban ɗinke ba. Duk wadda ta ce Hajiya mayafinki ya yage, sai in ce mata jawo kujera.